BABI NA BAKWAI: AWON TSARA DA KOYO BISA JAGORANCIN ƊALIBAI A AJIN HAUSA

7.0 Gabatarwa

Malamin Hausa da aka ba azuzuwa huɗu a ƙaramar sakandare, kowane aji da ɗalibai 80, yana da littattafai 320 da za su taru a kan teburinsa duk ranar da ya ba da aikin insha'i. Idan ya ba kowane littafi minti 5 kacal, wato gwargwadon abin da zai ishe shi ya karanta ya ja layi a ƙarƙashin kurakurai, aikin zai ci minti 1,600, fiye da awa 26 ke nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2004, ta tanadi ɗalibai 35 ga malami guda a firamare da 40 a sakandare. Amma tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, yawan yara ya riƙa tsere wa yawan malamai, har ya zamana aji mai ɗalibai 80 ko 100 ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na manyan garuruwanmu.

Abin da yake biyo baya sananne ne. Malami yakan daina ba da insha'i sai sau ɗaya a zango, ko kuma ya bayar ya bi littattafan da jan biro yana rubuta "na gani" alhali bai karanta ba. Sai yaro ya gama aji uku bai rubuta shafi goma da wani ya zauna ya karanta ya nuna masa inda ya dace da inda ya kauce ba. Rubutu kuwa sana'ar hannu ce kamar saƙa ko ƙira, ba ya zama a hannun mutum sai da yawan yi da yawan gyara.

Wannan babi zai duba hanyoyin da malami zai bi ɗalibansa su zama masu duba aikin juna da koyar da juna. Za a fi tsayawa a kan sharaɗin da in babu shi dabarar takan lalace, wato ɗalibi ya san ma'aunin da ake auna aiki da shi kafin a damƙa masa aikin ɗan'uwansa.

7.1 Ma'anar Awon Tsara

Awon tsara shi ne tsarin da ɗalibai 'yan aji ɗaya suke duba aikin junansu, rubutacce ko na baka, bisa wani ma'auni da aka amince da shi tun farko, sannan su bayyana wa mai aikin abin da ya gyaru da abin da ya rage. Koyo bisa jagorancin ɗalibai ya fi wannan faɗi. Ya ƙunshi duk wani tsari da ɗalibai ne suke yin mafi yawan tambaya da bayani, malami kuma yana tsara aikin, yana sa ido, yana shiga inda abu ya cije.

Masana sun kasa awo gida biyu. Akwai awon yanke hukunci, irin jarrabawar ƙarshen zango ko ta WAEC da NECO, wanda ake yi bayan an gama karatu don a san matsayin ɗalibi. Akwai kuma awon gina koyo, wanda ake yi ana tsakiyar karatu don a gano giɓi a cike shi tun da sauran lokaci. Telan da ya gwada riga a jikin mai ita kafin ya rufe ɗinki yana da damar ya rage ko ya ƙara, amma idan sai ranar Salla aka sa rigar, ba abin da ya saura sai yabo ko suka. Awon tsara na cikin kashi na biyu ne, kuma malamin da ya ja shi zuwa kashi na farko zai gamu da rigingimun da za a ambata a gaba.

Wajibi ne kuma a bambanta shi da musayar littafi, inda malami zai ce kowa ya ba na kusa da shi littafinsa, ya karanto amsoshi, yara su yi ta buga maki. Wannan ba laifi ba ne a shifta ko tambayoyin cike gurbi, kuma yana rage wa malami wahala. Sai dai ɗalibin bai yi wani tunani ba, aron hannunsa kawai aka yi.

7.2 Tushen Dabarar

Sa ɗalibi ya koyar da ɗan'uwansa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo malam guda yakan riƙe almajirai masu yawa, gardawa ne suke biya wa ƙanana karatu, mahaddata kuma sukan zauna su saurari juna, da zarar mai karatu ya zame sai a tare shi. Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa wannan gyara yake tafiya ba gardama: ma'aunin a fili yake, kowa ya san shi, kuma ba na wani mutum ɗaya ba ne. Mai gyara yana mayar da mai karatu ne ga abin da su duka suka yarda da shi.

A Turai ma an gwada. Andrew Bell ya yi amfani da manyan yara wajen koyar da ƙanana a wata makarantar marayu a Madras ta ƙasar Indiya, ya wallafa bayanin haka a 1797. Joseph Lancaster ya buɗe tasa makarantar a Landan a 1798 bisa irin wannan tsari, har ya yi iƙirarin cewa malami guda zai iya riƙe yara dubu. Yaran da suke koyarwar su ake kira monita, kalmar da har yau tana nan a azuzuwanmu. Tsarin ya bazu saboda arha, amma zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ya dusashe, domin monitocin hadda suke karɓa su miƙa hadda, ba su fahimci abin da suke koyarwa ba. Wannan gargaɗi ne ga duk malamin da yake ganin dabarar hanyar hutu ce.

Ta fuskar nazarin yadda ake koyo kuwa, masanin ƙasar Rasha Lev Vygotsky (1896-1934) ya nuna cewa akwai tazara tsakanin abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi idan babba ko tsaran da ya ɗan fi shi ya tallafa masa, kuma a cikin wannan tazara koyo yake faruwa. Sau da yawa yaron da ya gane abu jiya ya fi malamin da ya gane shi shekara ashirin da suka wuce sanin inda ƙullin yake, domin bai manta da wahalar ba. A 1998 kuma Paul Black da Dylan Wiliam, waɗanda a lokacin suke koyarwa a Landan, suka yi bitar bincike kimanin 250 a kan awo a cikin aji. Sun gano cewa kyautata awon gina koyo yana ɗaga sakamakon ɗalibai, musamman masu rauni, kuma sun jaddada cewa ɗalibi ba zai gyara aikinsa ba sai ya san inda ake so ya kai, da inda yake, da yadda zai cike tsakani.

7.3 Gina Ma'auni

Kuskuren da aka fi gani wurin sababbin malamai shi ne su shiga aji su ce, "Ku duba aikin juna," ba tare da sun faɗi me za a duba ba. Yaro sai ya duba kyan rubutun hannu, ko tsawon shafi, ko kuma ya duba fuskar mai littafin.

Ma'auni tare da ɗalibai ake gina shi. Alal misali, idan batun insha'in shi ne "Ranar Kasuwar Garinmu", malami zai zo da samfuri biyu a kan kwali, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai rauni, waɗanda ya rubuta da kansa ko ya ɗauko daga aikin wata shekara ya cire suna. Kada ya taɓa amfani da aikin ɗan ajin a matsayin samfuri mai rauni. Zai tambayi aji wanne ya fi, kuma don me. Amsar farko kusan kullum ita ce, "Malam, na farkon ya fi daɗi." Aikin malami shi ne ya ƙi karɓar wannan, ya yi ta tambayar me ya kawo daɗin, har wani ya ce ai na farkon ya faɗi abin da ake sayarwa da sunansa, wata ta ce ai ya gama maganar 'yan hatsi kafin ya koma 'yan dabbobi. Daga bakinsu za a fitar da sharuɗɗa uku ko huɗu a rubuta a allo. "Rubutu ya yi kyau" ba ma'auni ba ne, domin ba wanda zai iya ɗora yatsa a kansa. "Kowane sakin layi yana magana a kan abu ɗaya" ma'auni ne, domin yaro ɗan shekara goma sha uku zai iya dubawa ya ce e ko a'a.

Ƙa'idojin rubutu su ne wurin da ya fi dacewa a fara, saboda hukuncinsu a yanke yake. A dubi wannan jimla, irin wadda ake yawan gani a littattafan ɗalibai, balle yanzu da rubutun waya a WhatsApp da Facebook ya saba musu da cusa kalmomi wuri ɗaya:

Dana je kasuwa naga baki sunzo da kaya akan jakuna, wani yace kura ta hanasu tafiya.

Daidaitacciyar siffarta ita ce:

Da na je kasuwa na ga baƙi sun zo da kaya a kan jakuna, wani ya ce ƙura ta hana su tafiya.

Kurakurai takwas ne, shida na raba kalma, biyu na baƙaƙe masu ƙugiya. Yana da kyau malami ya bar aji su yi dariyar kurar da ta tare hanya da bakin da ya zo da kaya, domin dariyar ce za ta tabbatar musu cewa ƙugiya ba ado ba ce. Haka bambancin "akan" da "a kan": akan sayar da goro a kan faifai. Ɗalibin da ya farauto irin waɗannan kurakurai sau ashirin a littafin wani, hannunsa zai fara tsayawa da kansa idan ya zo rubuta "yace". A nan ribar dabarar take, kuma a ganina mai dubawa yakan fi wanda aka duba wa ƙaruwa.

Kada a duba komai a zama ɗaya. Mako na farko raba kalma kawai, na biyu ƙugiya da alamomin rubutu, sannan a hau tsarin sakin layi, daga baya a kai ga zaɓen kalmomi da armashin bayani, waɗanda suka fi wuyar hukunci. Mai dubawa fensir zai riƙe, kuma layi kawai zai ja a ƙarƙashin wurin da yake zargi. Mai littafi ne zai gano laifin ya gyara. A darasi mai minti 40, in an yi rubutun a gida, ana iya ba tunatar da ma'auni minti 5, karatu da jan layi minti 10, tattaunawar mutum biyu minti 10, gyara minti 10, sauran kuma malami ya ɗauko kurakuran da ya ga sun yi yawa lokacin da yake zagayawa. Bayan haka ya karɓi littattafai 10 daga kowane aji a mako, bi da bi, ya duba rubutun ya kuma duba gyaran. A azuzuwa huɗu littattafai 40 ke nan, awa 3 da minti 20, kuma cikin mako 8 ya ga aikin kowane yaro, alhali kowane yaro ya yi rubutu sau 8.

7.3.1 Maki ko Sharhi?

A 1988 Ruth Butler ta wallafa wani bincike da ta yi da yara 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Ta kasa su uku: wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da maki da sharhi. Waɗanda aka ba sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Abin mamaki shi ne waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi 'yan maki kawai ba. Duk malamin da ya taɓa raba littattafai ya san dalili: ido yana faɗawa kan makin, sai a leƙa na maƙwabci, sharhin kuma a rufe shi da bango.

Saboda haka ɗalibai kada su ba juna maki, aƙalla a ƙaramar sakandare. Su ba da yabo biyu da gyara ɗaya, kowanne a ɗaure da ma'aunin da ke allo. "Ya yi kyau, ki ƙara ƙoƙari" bai gaya wa kowa komai ba. Amma idan aka rubuta, "Sakin layinki na biyu ya nuna rumfar masu goro sarai. A na uku kin haɗa maganar awaki da ta masu abinci, ki raba su," mai littafi ta san abin da za ta yi da fensirinta. Gyara ɗaya ake nema, domin wanda aka jibga wa goma ba zai yi ko ɗaya ba.

Akan tambaya ko hukuncin ɗalibai abin dogaro ne. Nancy Falchikov da Judy Goldfinch sun tattara bincike 48 a shekarar 2000, suka ga cewa makin da ɗalibai suke ba juna yana kusantar na malamai, musamman idan sun fahimci ma'aunin sosai kuma ba a ɗora musu auna abubuwa barkatai ɗaya bayan ɗaya ba. Sai dai a lura, ɗaliban manyan makarantu aka yi binciken da su, don haka ba hujja ba ce ta miƙa wa 'yan aji ɗaya rajistar maki.

7.3.2 Karin Harshe

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga ajin Hausa. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga Kananci, kuma an daidaita ƙa'idojin rubutunta a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Amma yara da harshen gidansu suke zuwa aji. Basakkwace zai rubuta "ya tahi" ko "hwarin doki", ɗan Zazzau ya rubuta "motan Malam" ko "yarinya ne", ga kuma yaran da Hausa ba harshensu na farko ba ce. Idan malami bai yi hattara ba, awon tsara zai koma kotu inda masu kari ɗaya suke alƙalai, sauran su yi shiru, wasu ma su tsani darasin.

A ilimin kimiyyar harshe babu karin da ya fi wani daidai. "Tahi" tana bin dokar furucin Sakkwatanci ne kamar yadda "tafi" take bin ta Kananci. Abin da ɗalibi yake bukata shi ne ya san wurin da kowace take aiki. Don haka a tanadi alamomi biyu: layi ga kuskuren ƙa'ida, harafin K kuma ga karin harshe, ma'ana wannan daidai ne a magana, amma a rubutun makaranta da jarrabawa ga siffar da ake so. Ya kamata kuma malami ya nuna wa aji tun da wuri cewa Bakano ma yana samun K, idan ya rubuta "guri" maimakon "wuri" ko "bacci" maimakon "barci". A aikin baka, kamar ba da tatsuniya ko kawo kirari da karin magana, kada a sa kari cikin ma'auni ko kaɗan. Tatsuniyar da aka koya a bakin kaka da harshen kaka ta fi armashi.

7.4 Dabarun Shigar da Ɗalibai Cikin Darasi

Awon tsara ba ya tsira a ajin da ɗalibai ba su saba buɗe baki ba. Mafi sauƙin dabara ita ce jira. A farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta auna ta ga malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Ba ta bukatar ko alli.

Daga nan sai dabarar da Frank Lyman ya bayyana a 1981, mai mataki uku: kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya tattauna da na kusa da shi, sannan a gaya wa aji. Idan aka tambayi ma'anar wani karin magana ta wannan hanya, yara 80 sun yi magana cikin minti 2, maimakon ukun nan na benci na gaba. Yarinyar da take jin kunyar faɗin ra'ayinta ta fi samun ƙarfin cewa, "Malama, mun ce..."

Eric Mazur, malamin kimiyyar fizik a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya fara wata dabarar a farkon shekarun 1990 da ta dace da koyar da nahawu ƙwarai. Malami zai kawo tambaya mai zaɓi, kowa ya zaɓa, a ba su minti 2 kowa ya shawo kan wanda ya saɓa masa, a sake zaɓe. Yatsu a ƙirji sun isa, don kada na baya ya kwaikwayi na gaba. Misali, wace kalma ce take ɗaukar "ne" a cikin waɗannan: riga, gona, gida, Kano? Wanda ya haddace cewa duk sunan da ya ƙare da wasalin "a" mace ne zai zaɓi Kano. A wajen muhawara wani zai ce masa, "To, faɗi mana: Kano ne ko Kano ce? Gida ne ko gida ce?" Da kunnensa zai gano cewa sunayen garuruwa jinsin mace suke ɗauka, kuma gida da ruwa da suna da nama sun saɓa wa dokar da ya haddace. Ingancin dabarar yana ga tambayar. Idan kusan kowa ya dace a zaɓen farko, a wuce. Idan kusan kowa ya faɗi, malami ya sake koyarwa, domin makaho ba ya yi wa makaho jagora. Muhawara tana amfani ne idan aji ya rabu.

Ga adabi kuwa akwai dabarar da Elliot Aronson ya ƙirƙiro a 1971 a birnin Austin na jihar Teksas, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya gaba ta tashi a tsakaninsu. A nan za mu kira ta ɗinkin ƙwarya, domin kowane ɗalibi sakaina guda yake riƙe da ita. A ce ana nazarin littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Za a kasa aji rukuni-rukuni na mutum huɗu, a ba ɗaya jigo, ɗaya zubi da tsari, ɗaya salo, ɗaya taurari. Masu jigo na rukunoni daban-daban za su haɗu su yi nazari tare, haka sauran, sannan kowa ya koma rukuninsa na asali ya koyar da kasonsa. A ƙarshe gwajin zai shafi sassan huɗu, kuma kowa shi kaɗai zai amsa. Ke nan dole wanda ya fi kowa ƙoƙari ya saurari wanda ya saba rainawa, tunda sakainar da yake nema tana hannunsa. A aji mai 80 masu jigo kaɗai 20 ne, don haka sai an sake kasa su gida huɗu, kuma malami ya fi daɗewa a wannan mataki, domin kuskuren da ya fita daga nan zai shiga kowane rukuni.

7.5 Matsaloli da Hanyoyin Magance Su

Tarbiyyar Bahaushe ta hana ƙarami ya ce wa babba ya yi kuskure, ta kuma hana a kunyata mutum a gaban jama'a. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce, kuma bai kamata malami ya yaƙe ta ba. Abin da zai yi shi ne ya koya wa ɗalibai lafazin gyara: "Ban gane wannan jimlar ba, me kake nufi?" ko "Ma'auni na biyu ya ce kaza, ko za ka sake dubawa?" Ta haka ma'auni ne yake magana, kuma ba wanda ya ci fuskar wani. A makonnin farko ana iya sa lamba a madadin suna. Malami ne zai haɗa abokan aiki, ya riƙa sauya su bayan mako biyu ko uku, domin aminai sukan rufa wa juna asiri, masu jiƙaƙƙiya kuma su huce haushi. Wajen haɗa maza da mata ya bi al'adar makarantar da ta garin.

Kada shugabancin rukuni ya zama sarautar monita mai rubuta sunayen masu surutu. A riƙa juya shi. Ɗalibi mai ƙoƙari kuma yakan yi ƙorafi, "Malam, kullum ni nake koyarwa, ni wa zai koya mini?" Yana da gaskiya. Kada a liƙa masa mafi rauni a aji har ƙarshen zango. Tazara kaɗan ta fi amfani, kuma lokaci-lokaci a haɗa gwanaye da junansu a ba su aiki mai tauri. Haka nan mai dubawa yana iya mayar da daidai kuskure, don haka kowa yana da damar ɗaukaka ƙara gaban malami, kuma irin wannan gardama kan zama darasi mai kyau ga aji duka.

Za a yi surutu. Ya kamata malami ya sanar da shugaban makaranta da malamin ajin da ke maƙwabtaka kafin ya fara, ya kuma tsayar da alamar shiru, kamar ɗaga hannu. Inda bencina ba sa motsuwa, 'yan layin gaba su juyo su fuskanci na bayansu.

Makin awon bi-da-bi, wanda aka fi sani da si'e, amana ce a hannun malami, kuma iyaye shi za su tambaya. In yana so ya ba aikin nauyi, ya ware wani kaso na makin ga ingancin sharhin da ɗalibi ya rubuta wa ɗan'uwansa da kuma bambancin da ke tsakanin rubutun farko da gyararre.

7.6 Gwaji a Kwaleji

Ɗalibi mai koyon malanta yana da wurin gwada duk wannan kafin ya fita aikin koyarwa na gwaji, wato darasin ƙaramar koyarwa, wanda Dwight Allen da abokan aikinsa suka fara a Jami'ar Stanford a 1963. Mutum zai koyar na 'yan mintoci a gaban 'yan ajinsa, su yi masa sharhi, ya sake. Sau da yawa sharhin ba ya wuce "ya yi ƙoƙari" ko "muryarsa ba ta fita". Idan aka tsayar da abu ɗaya, aka ce wane ya ƙirga daƙiƙun da mai koyarwa yake jira bayan tambaya, wance ta ƙirga mutum nawa suka yi magana kuma daga wane ɓangaren aji, sai a sami abin da mai koyarwa zai iya gyarawa a zagaye na biyu.

Jinga

1. Rubuta samfuri biyu na insha'i, mai ƙarfi da mai rauni, kowanne kada ya wuce layi 12, a kan batun da ya dace da aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba abokin karatunka ya fitar da ma'auni huɗu daga cikinsu ba tare da ka gaya masa naka ba, sannan ku kwatanta.

2. Tsara tambaya mai zaɓi huɗu a kan jam'i ko gaɓar kalma, ka bayyana kuskuren fahimtar da kowane zaɓi marar daidai zai tono.

3. Kawo kalmomi ko jimloli 10 daga karin harshen garinku waɗanda za su sami alamar K, tare da siffarsu a Daidaitacciyar Hausa.